Gyartan Jini Da Baƙuwar Ƙoda

 

Akwai wata magana da mu ke yi kullum ba tare da mun auna nauyinta ba. In mutum biyu suna shiri, sai mu ce jininsu ya haɗu. In kuwa ba sa ga maciji da juna, mu ce jininsu bai haɗu ba. Magana ce mai daɗin faɗi, ba ta da wani laifi a wajen daka ko wajen kitso. Amma yanzu ta bi mu har cikin asibiti, inda likita kan ɗebi jinin mutum biyu ya gauraya da gaske, ya fito ya ce bai dace ba. A nan maganar ta kan zama dafi, domin mai ji sai ya ɗauka likita zukatan mutanen ya leƙa. Shi ya sa na ga ya kamata makon nan mu zauna mu duba abin da ke cikin jinin nan, musamman waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ba a cika ambatonsu ba, mu ga irin aikin da su ke yi sa'ad da aka dasa wa mutum ƙodar wani.

Jinin da ke jikin babban mutum ya kai wajen lita 5. Ga ido ja ne kurum, amma in an sa ɗigonsa ƙarƙashin madubin likita, sai a ga ashe gari ne guda, da jama'a iri uku suna iyo cikin ruwa. Akwai jajayen ƙwayoyi, su ne 'yan dako, masu kai iskar da mu ke shaƙa ko'ina cikin jiki. Akwai farare, su ne dogarai, masu kama cuta in ta shigo. Na ukun su ne ƙanana duka. Turawa na ce musu filetilet, watau 'yan ƙananan faranti, gama haka siffarsu ta ke in suna hutawa. Ni dai a aji na kan ce wa yara 'yan gyartai, domin aikinsu na farko shi ne ɗinke abin da ya fashe, kamar yadda gyartai ke ɗinke ƙwarya.

Ke uwargida, tuna ranar da wuƙa ta yanke ki kina yankan kuɓewa. Jini ya zubo, kika danne da bakin zane, kafin tukunya ta tafasa ya tsaya. Wa ya tsai da shi? Cikin kowace hanyar jini akwai wani shafe mai santsi kamar daɓen ɗakin amarya. Muddin daɓen nan yana lafiya, 'yan gyartai wucewa su ke yi abinsu. Da wuƙa ta keta shi, sai su manne a bakin raunin, su sake siffa, su fid da 'yan ƙafafu, su zazzage abin da ke cikin jakarsu don kiran 'yan'uwa. Nan da nan sun taru sun yi toshiya, sa'an nan wani zare mai kama da saƙar gizo ya bi ta kansu ya ɗaure tam. Ba domin su ba, da cire haƙori ma sai ya kai mutum lahira, balle haihuwa.

Yawansu ya wuce misali. Cikin ɗigon jinin da bai fi kan fil ba, mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000. Sai dai ba su da tsawon rai, kwana 8 zuwa 10 sun tsufa, saifa da hanta su kwashe su. Sabo da haka ɓargon da ke cikin ƙashinmu ba ya hutawa, kowace rana sai ya yi sababbi wajen miliyan dubu 100. Akwai wata ƙatuwar ƙwaya cikin ɓargo da ke miƙa hannuwanta cikin hanyar jini, suna gutsurewa kaɗan kaɗan kamar mai jefa ƙosai cikin mai, kowane gutsure kuwa ɗan gyartai ne. Wani likitan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ya fara bayyana aikinsu sosai cikin 1882, bayan ya zuba ido ya ga yadda su ke taruwa a raunin hanyar jinin dabba mai rai. Daga nan aka daɗe ana ɗaukarsu masu ɗinki kawai. Hausawa na cewa, ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. To, na cikin jini ma an gano daga baya yana riƙe da wata sarauta da ba a san shi da ita ba. Amma kafin in faɗe ta, sai mun san yadda jiki ke gane nasa.

Kakanninmu in sun ga baƙo a kasuwa fuskarsa su kan duba, tsagar da ke kumatunsa ta gaya musu Bagobiri ne ko Babarbare. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ma suna da tsagar gado, likitoci na taƙaita sunanta da haruffa uku, HLA. Wani likitan Faransa, Jean Dausset, shi ya gano ta fari cikin 1958. Rabin tsagar kowa daga uwa ta ke, rabi daga uba, iri-irinta kuwa dubbai ne, sabo da haka da wuya a sami bare biyu masu iri ɗaya. Dogaran jini kullum suna zagaye suna duba fuskoki. Mai tsagar gida su bar shi ya wuce, mai wata dabam su far masa. Wannan shi ke kāre mu daga cututtuka, shi ne kuma babbar wahalar dashe, gama dogari bai san an kawo ƙodar nan don ceton ubangidansa ba ne.

Ga wani abu kuma, dogaran nan ba sa mantuwa. Lokacin yaƙin duniya na biyu, a birnin Gilasgo na Sikotilan, Peter Medawar da Thomas Gibson sun duba wata mace da ta ƙone ƙwarai, aka dasa mata fatar ɗan'uwanta. Fatar farko ta ɗan jima kafin ta lalace. Da aka sake ɗebo wata daga jikinsa, sai ta lalace da sauri, domin jikin matar ya riga ya haddace shi. Sun buga wannan cikin 1943. Shi ya sa dashen ƙoda na farko da ya yi ƙarko tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, waɗanda tsagarsu ba bambanci. Ran 23 ga Disamba, 1954, a birnin Boston na Amurka, Likita Joseph Murray ya ɗauki ƙodar Ronald Herrick ya dasa wa ɗan'uwansa Richard. Richard ya ƙara shekara 8 a duniya. Ronald kuwa ya rayu da ƙoda ɗaya har 2010, watau shekara 56. Mai tsoron ba ɗan'uwa ƙoda ya riƙe wannan.

Ga sauran mutane da ba tagwaye ba, tilas a nemi maganin da zai kwantar da dogarai. In ya yi kaɗan su cinye baƙuwa, in ya yi yawa gari ya zama ba mai tsaro. Mutumin da Christiaan Barnard ya fara dasa wa zuciya a Afirka ta Kudu ran 3 ga Disamba, 1967, kwana 18 ya yi, ciwon huhu ya kashe shi, gama magunguna sun raunana dogaransa. Aiki bai daidaita sosai ba sai da aka sami saikulosiforin, wanda aka yarda da shi a Amurka cikin 1983, da takurolimus, wanda aka samo cikin ƙasar gindin wani dutse a Japan cikin 1984. A nan ƙasarmu an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas cikin 2000, a Kano kuma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cikin 2002. Kun ga abin ya daɗe da zama namu.

Ina da wata yaya, ɗiyar gwaggona, wadda ta goye ni ina ƙarama. Haihuwarta shida. A ta ƙarshe jini ya ɓalle mata, aka yi ta ƙara mata leda bayan leda, har da ledar 'yan gyartai zalla, domin nata sun ƙare wajen toshiya. Ta tashi, amma ƙodojinta ba su koma daidai ba, ga hawan jini ya daɗa musu nauyi. Bayan shekara biyu aka sa ta kan injin wankin ƙoda, kowane zama awa 4. Gona ta tafi, shanu suka bi bayanta. Da likita ya kawo maganar dashe, bai rufe baki ba mijinta ya ce a ɗauki tasa. Aka duba rukunin jininsu, aka ga iri ɗaya ne, muka yi ta murna. Sai aka yi gwaji na biyu, wanda a ke zuba ruwan jinin mara lafiya kan fararen ƙwayoyin mai bayarwa a ga abin da zai faru. Ruwan jininta ya kashe ƙwayoyinsa. Likita ya ce ba za a yi ba.

Kafin su iso gida labari ya riga su. A gidan suna wata ta ce, "Ai dama, jininsu bai haɗu ba, zaman haƙuri kurum a ke yi." Wata ta ce shi ya zaga ya roƙi likita a ɓoye don kada a yanka shi. Wata ta ce hannu aka sa musu. Yaya tana kwance duk yana komo mata, har ta fara duban mijinta da wani ido. Shi kuma bawan Allah ya rasa bakin magana, sai ya shigo ya gaishe ta ya fita. Na ga ciwon nan ya fi na ƙoda cin ta. Ni ce mai raka ta asibiti ina riƙe mata kati, sabo da haka na roƙi likita ya warware mini zancen dalla-dalla, na kuma bi littattafai na ƙara. Ga abin da na samo, ku ma ku ji.

Ɗan da ke ciki, rabin tsagarsa ta ubansa ce. Wata tara yana zaune jikin uwa, lokacin haihuwa kuma ɗan jininsa kan tsallaka cikin nata. Dogaranta su ga tsagar da ba ta gida ba, su haddace ta, wani lokaci har su sa a ƙera mata kibau a ajiye. Kiban nan su likitoci ke kira antibodi. Cikin ruwan jini su ke yawo, kowace kibiya kuwa tsaga guda ta sani. Galibi ba sa taɓa jariri, mace sai ta yi shekaru da su ba ta sani ba. Cikin 1958 mutum biyu suka gano ciki yana jawo haka, kowa a ƙasarsa, Jon van Rood a Holan, da wata mace masaniya, Rose Payne, a Amurka. Ba kowace mai haihuwa ke da kiban nan ba, maza da yawa sun ba matansu ƙoda ta zauna lafiya lau. Amma yawan ciki yana ƙara yiwuwar abin. Ƙarin jini ma haka ne, gama fararen ƙwayoyin da ke cikin leda suna ɗauke da tsagar mai su, 'yan gyartai ma duk da ƙanƙantarsu suna ɗauke da ita.

To, kun ji. Abin da mata suka kira rashin haɗuwar jini, ashe sawun 'ya'ya shida ne da ta haifa masa. Duk duniya ba wanda jikinta ya sani kamarsa. Ranar da na gaya wa Yaya haka, ta yi shiru ta jima, sa'an nan ta ce, "Ƙanwata, in ya dawo kasuwa ki maimaita a gabansa." Na maimaita.

Da an yi gardama an dasa fa? Nan ne 'yan gyartai ke shigowa. Da an saki jini ya shiga sabuwar ƙoda, kiban nan sai su dira kan daɓen hanyoyin jininta, gama a nan tsagar miji ta ke a fili. Daɓe ya ɗaye. 'Yan gyartai rauni suka gani, sana'arsu kuwa toshe rauni. Amma wannan karon raunin ba wuri guda ya ke ba, ya bazu cikin dubban 'yan hanyoyin da suka fi gashin kai siranta. Sai su bi su toshe su duka. Ƙodar da ta yi jawur da shigar jini, cikin 'yan mintoci ko 'yan awoyi ta koma baƙi-baƙi, ta yi laushi, tilas a cire ta a yar. Likitocin Denmak, da shugabansu Kissmeyer-Nielsen, sun bayyana wannan masifa cikin 1966. Cikin 1969 kuma Patel da Terasaki a Amurka suka nuna gwajin gauraya jini kafin aiki yana tona ta tun da wuri. Tun daga nan ba a shiga ɗakin aiki sai an binciki kiban nan. Likitan da ya ce a'a, ƙodar mutum ɗaya da ran mutum ɗaya ya tsare.

Aka koma neman mai bayarwa cikin dangi. 'Ya'yanta ba su dace ba, yara ne, ga kuma rabin tsagar uban nan a jikinsu. Wanda ya fi kusa shi ne shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsakanin shaƙiƙai biyu, sau ɗaya cikin 4 tsaga kan zo daidai duka, sau 2 cikin 4 ta zo rabi, sau ɗaya kuma ta saɓa gaba ɗaya. 'Yan uba kuwa gadon gefe guda kaɗai suka haɗa. Ƙanenta na bin ta, da aka gwada shi, ruwan jininta bai taɓa ƙwayoyinsa ba. Shi ya ba ta, kyauta, kamar yadda ya kamata, domin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki.

Kada ku ce da an sami dacewa 'yan gyartai sun fita zance. Tun daga sa'ad da aka raba ƙoda da jikin mai ita har a ɗinke ta a sabon wuri, ba jini a cikinta, sanyaya ta a ke yi da ruwan magani da ƙanƙara. Daɓen nan ya kan wahala da rashin iska, dawowar jini farat ɗaya kuma ta ƙara ƙuje shi. 'Yan gyartai suna cikin masu fara isa wurin, domin sun fi fararen ƙwayoyi yawa nesa ba kusa ba, ga shi kuma gefen hanya su ke bi, jajaye sun ture su daga tsakiya. Da sun manne, sai kowane ya fid da wata 'yar ƙugiya. Farar ƙwaya ta zo wucewa a guje, ƙugiya ta kama ta, ta yi ta mirgina har ta tsaya cik. Sa'an nan su kwance jaka, a cikinta kuwa akwai abubuwa iri ɗaruruwa. Waɗansu kamar ƙanshin suya su ke, dogarai na biyo su daga nesa. Waɗansu na sa daɓe ya yi danƙo, ya buɗe kafar da dogarai za su kutsa cikin naman ƙoda. Cikin 1998 masu bincike a Jamus suka tarar ɗan gyartai in ya motsu yana fid da wata alama mai lamba CD154, wadda a da a ke zaton manyan dogarai ke da ita. Alamar nan tana cikin izinin da maƙeran kibau ke jira kafin su hura wuta.

Ga sarautar gyartai ke nan, ashe sankira ne. Shi ba ya yaƙi da kansa, amma shi ke shela, ya nuna ƙofar gidan da baƙo ya sauka. Tun wajen 1980 likitoci suka riƙa ɗiban 'yan gyartan wanda aka yi wa dashe, su sa musu wata alama da na'ura ke gani, su mai da su cikin jini. In jiki ya fara ƙin ƙodar, sai a gan su sun yi cincirindo a kanta.

Akwai kuma ɓarna ta sannu, wadda ba ta da ƙara. Cikin jakar nan har da abin da ke sa nama ya tsiro, don rauni ya cike. In ƙananan kibau suna ƙujar daɓe shekara da shekaru, 'yan gyartai suna zuwa suna zuba kayan gyara, sai bangon hanyar jini ya yi ta kauri, hanya ta yi ta tsukewa kamar magudanar da laka ke cikewa kowace damina. Ba su kaɗai ke wannan aika-aika ba, amma da hannunsu a ciki. Wannan yana cikin dalilan da suka sa baƙuwar ƙoda ba ta zama har abada. Wadda aka samo daga mai rai ta kan yi shekara 15 zuwa 20 tana aiki, wata ta fi haka in an kula da ita.

Na san wata za ta ce, to, a kore su mana a huta. Wanda aka yi wa aiki ɗazu, ɗinki ko'ina a cikinsa, in an kore masa gyartai jini zai ƙarar da shi. Har wa yau su ma masu warkarwa ne. Cikin 2006 masu bincike a Suwizalan suka nuna a jikin ɓeraye cewa hantar da aka yanke ba ta tsirowa sosai sai da taimakon wani abu da 'yan gyartai ke ɗauke da shi. Wannan kuwa babban zance ne, domin rabin hanta a kan ɗauka daga mai rai a dasa, kowane rabi ya tsiro. An kuma taɓa ƙera wani magani don ya rufe alamar nan ta CD154. A jikin birai ya yi abin mamaki, ƙoda ta daɗe ba a ƙi ta ba. Da aka gwada shi ga mutane, sai waɗansu jini ya riƙa daskare musu cikin jijiya, aka tsai da gwajin. Daga baya aka gane wutsiyar maganin ce ke kama 'yan gyartai tana zuga su. Yanzu an gyara wutsiyar, ana gwada sababbi. Kun ga sha'anin awo ne, kamar gishiri a miya, mai awon kuwa likita ne.

Sai mu zo ga namu, domin jinya a hannunmu ta ke. Wata shida bayan aiki Yaya ta yi ƙiba, ta koma girki. Gwaggo ta dubi kuɗin magani ta ce, "Wai 'yar nan ba ta warke ba? A bar hadiye-hadiyen nan haka." Ba mugunta ta sa ta ba, kuɗin ne da nauyi. Amma dogarai barci magani ya sa su, ba mutuwa suka yi ba. In aka tsallake 'yan kwanaki sai su farka, su sa a ƙera sababbin kibau, daɓe ya ƙuje, sankira ya fito shela. Sau da yawa mara lafiya ba ya jin kome sai ɓarna ta yi nisa, gwajin jini kaɗai ke nunawa. Sabo da haka magani kullum ne, kan lokacinsa, muddin ƙodar tana jiki. In kuɗi na neman yankewa a gaya wa likita da dangi tun da saura.

Kada a ba wanda aka yi wa dashe maganin ciwon jiki na kanti, irin su ibufurofen da dikulofenak, gama suna cutar ƙoda. Asfirin kuwa in ya taɓa ɗan gyartai ya kashe masa hannu ke nan har ƙarshen kwanakinsa, sai an jira ɓargo ya yi sababbi. Likita ya kan ba da ɗan kaɗan da gangan, amma shi zai yanke, ba maƙwabciya ba. Jiƙo da sassaƙe a bar su, domin ba wanda ya auna yadda za su yi da maganin dashe. Ko maganin asibiti ma, kamar wani na tarin fuka, ya kan rage ƙarfin takurolimus cikin jini, sabo da haka duk inda aka je a faɗa wa mai duba cewa akwai dashe. Ku sa ido kan zazzaɓi, da raguwar fitsari, da kumburin ƙafa, da ciwo a mara inda aka sa ƙodar. Ku kuma lura da alamun ƙarancin 'yan gyartai, gama waɗansu magunguna da zazzaɓin cizon sauro su kan rage su: dasashi yana jini wajen asuwaki, haɓo, jajayen ɗigo-ɗigo ƙarƙashin fata, ko al'ada ta yi yawa fiye da yadda aka saba. Kowanne aka gani, asibiti ran nan.

Ga guda ɗaya da ta shafe mu mata musamman. Mun gaji kunya, uwa ba ta ƙidaya 'ya'yanta a bainar jama'a, ɗan fari ma a kan tsallake shi. Kunya ado ce, amma a gaban likita a ajiye ta a bakin ƙofa. In ya tambayi ciki nawa, a ƙidaya duka, har da ɓari, har da na auren fari. A faɗi sau nawa aka yi ƙarin jini. Kowane ɗaya yana iya barin sawu cikin jini, sanin haka kuwa shi zai taimake shi zaɓen mai bayarwa. Masu ciki kuma ku daure da zuwa awo, a riƙa duba hawan jini da yawan jini tun da wuri. Wadda ta shiga naƙuda da isasshen jini ta rage wa kanta bukatar leda, ta kuma tsare ƙodojinta.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, in malama ta zana ƙwayoyin jini a allo, kada ku ɗauka abin cin jarrabawa ne kurum. Yau a yawancin gidaje ke ce mai karanta takardar likita, ke ce za a tambaya me ya ce. In kin fahimta sosai, za ki iya kashe wutar da tsegumi ya kunna tsakanin miji da mata, ki kuma hana a ajiye magani don an ga mutum ya yi ƙiba. Rose Payne mace ce kamarki, abin da ta gano cikin jinin masu haihuwa har yau ana aiki da shi duk inda a ke dashe. Har yanzu kuma ana neman maganin da zai rufe bakin sankira ya bar gyartai da ɗinkinsa. Wa ya sani ko mai samo shi tana zaune aji uku yanzu, tana karanta wa uwarta wannan shafi?

Yaya tana gaishe ku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.